Sunan da Inna ba ta faɗa

Har in mutu ba zan manta da makon da aka haifi ɗana na fari ba. Mahaifina yana kwance ba lafiya a Bodinga, ya ce burinsa ɗaya: a sa wa yaron sunan nasa kakan, wanda ya haifi ubansa. Matsalar ita ce shi kansa bai san sunan ba. Ya tashi maraya, kuma kowa Na Shagari yake kiran tsohon.

Na bi dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba ni labarin gonarsa ta albasa da faɗansa, amma babu mai sunan. Ana jibi suna wata gwaggona ta ce in tafi Shagari wurin Inna, matar baffan mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da tsohon.

Na same ta tana tsinkar zogale. Ni kuwa da gaggawar ɗan boko, ko ruwan da aka kawo ban sha ba na jefa mata tambaya. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ɗan nan, surukina na. Bakina bai taɓa kiran sunanai ba, ba yau za ni farawa ba."

Na zauna, na ci tuwo, na gaya mata halin da mahaifina yake ciki. Can ta ce in riƙa kiran sunayen maza, ita za ta ci gaba da aikinta, in dai lura da hannunta.

Na kira har na fara maimaitawa, tana ta tsinka tana yi mini dariya. Da na ce Haliru, hannun ya tsaya. Ta ja lulluɓi ta sunkuyar da kai.

Mahaifina ya yi kuka da ya ji an raɗa sunan, bai kuma ga damina ta gaba ba. Allah ya saka wa Inna da alheri.

Shi ya sa duk mai son bin asalin gidansu nake ce masa ya fara da tsofaffin mata tun suna raye, ya zauna ya ci abincinsu, ya kuma san wanda ba za su iya ambata ba. Ranar da muka kai mata jaririn, sai da Inna ta gyara lulluɓinta sannan ta miƙa hannu biyu ta karɓe shi.