Sa'adiyya Ta Tafi Ta Bar Tuluna Goma Sha Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga watan Rajab, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Sa'adiyya ta unguwar Zaitawa, bayan jinyar kwana biyu kacal.

Kafin komai, sai na yaba wa matan unguwarmu. Ban taɓa ganin zumunci irin na wannan makoki ba. Akwai hajiyar da ta zo gaisuwa sau huɗu a wuni ɗaya. Akwai wadda ko sallamarki ba ta amsawa a gidan biki, Sa'adiyya, yau ita ce mai neman a ba ta tsintsiya ta share miki ɗaki. Kowa na kuka, amma ido na kan ƙofar ƙuryar ɗakinki. Shekara ashirin ina dillanci gida-gida, na san kallon mai makoki, na kuma san kallon wadda kayanta ya maƙale.

A zahiri ke mai kitso ce. Ainihin sana'arki kuwa gyaran hular gashi, wadda 'yan boko ke kira wig. Ba a kawo miki ita a leda. A cikin kula take zuwa kamar tuwo, ta koma a kula, har maƙwabta na cewa kin fi kowa farin jinin abinci. Ta roba ki wanke da ruwan sanyi, ki ce, “Wannan ko ta hango wuta sai ta ƙanƙance.” Ta gashin mutum ki bi ta da ruwan ɗumi da ɗigon man zaitun, ki taje daga ƙasa zuwa sama, ki kifa ta a kan tulu ta sha iska a inuwa. Ba ki taɓa rubuta sunan kowa ba. Na ce miki ki riƙa liƙa 'yar takarda, kika ce, “Tani, takarda baki gare ta.” Sunayen duka suna kanki, ga shi kan ya shiga ƙasa.

Yanzu tuluna goma sha biyu ne a ɗakin, kowanne da gashi a kansa. Yayanki Malam Lawal ya kulle ƙofa. Ya ce wannan amana ce, ba gado ba, mai kaya ta zo da bakinta ta faɗi alama. Idan an yi addu'ar bakwai babu wadda ta zo, zai haƙa rami ya binne. Ban ga laifinsa ba. Amma saura kwana biyu, kuma ko mace ɗaya ba ta motsa ba.

Na gwada dabarun kasuwa. Na ce masa wata ce ta aiko ni. Ya ce, “To Hajiya Tani, ta zo da kanta.” Na lallaɓi 'yarki Hasana, ta ce makulli na aljihun Kawu. Ni da ke iya sayar wa mai rowa atamfa biyu, yau cinikina ya ƙi. Don haka na ɗauki biro.

Ɗaya daga cikin hulunan nan tawa ce. Kuma ba saye na yi ba, gashin kaina ne. Shekara huɗu da suka wuce, da likita ya ce ciwon dajin nono ne, kuma maganin zai zubar da gashi, daga asibiti gidanki na wuce. Ba ki ce “wayyo” ba. Kika shimfiɗa farin zane, kika tsefe ni, kika yanke shi da almakashi tun bai zube ba. Sati uku kina ɗinka shi a kan raga, sili-sili. Da na ce ki cire furfurar gefen hagu, kika yi dariya kika ce, “Uwar son banza, furfurar ce za ta sa a yarda.” Aka kuwa yarda. Na warke, gashi bai dawo ba sai tsilli-tsilli, amma na ci gaba da zame ɗankwali a tsakar gidajen mutane ina ciniki, ana cewa Tani ba ta tsufa. Ban da maigidana, ke kaɗai kika sani. Ranar Asabar na aiko miki da hular don wanki. Ranar Lahadi kika kwanta.

Malam Lawal, ga alamata: furfura a gefen hagu, da zare kore a ƙeya. Don girman Allah kada ka binne ta. Ita ce abin da ciwo ya rage mini, kuma hannun da zai sake yin irinta ya tafi. Gobe da hantsi zan zo, ba da kula ba.

Allah Ya jiƙanki, Sa'adiyya. Yadda kika rufa mana asiri, Allah Ya rufa naki ranar da babu mayafi. Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Malam Lawal da Hasana da dukkan dangi haƙurin wannan rashi, amin.

Ni dai na faɗi tawa, duk garin nan ya ji. Sauran goma sha ɗayan fa, na aljanu ne?