Motar Kawu Ta Wuce Ni a Hanya

Yau motata ta mutu a hanyar Kebbe, don ban duba baƙin mai ba. Ina ta safa da marwa sai ga tsohuwar ƙaramar motar marigayi kawuna ta wuce, ɗansa na tuƙi.

Kullum da safe Kawu kan zaro ƙarfen awon mai, ya goge, ya shinshina, sannan ya tayar da ita ya kasa kunne. Ranar da zai kai ni Tambuwal neman aiki na ƙosa, na ce, "Kawu, mun makara!"

Ya ce, "Dakata, ɗana, in ji abin da motar ka faɗi."

Bai taɓa barin kowa a hanya ba. Ya Allah, shi ma kada ka bar shi a hanya.