Ina Shanunsa Suke Kwana?

Shekara biyu ke nan da aka harbe yayana Malam Sanusi a gonarmu ta wajen Kucheri, kuma har yau ban huce ba.

Malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Gusau, ga shi da gardama kamar me. A makonsa na ƙarshe musunmu ɗaya ne. Wani babban kamfanin ƙirƙirarriyar basira a ƙasar waje ya kori shugabansa, aka ce ba ya faɗa wa masu sa ido gaskiya. Ma'aikata suka yi ca, suka ce in ba shi ba su, aka mayar da shi. Ni na ce mutumin kirki ne, tunda mutanensa na son shi.

Yaya ya yi dariya ya ce, "Kai ƙane, ko ɗan bindiga yaranai na son shi. Mutum ya ce abin da shika ginawa na iya halaka duniya, kuma bai bar gini ba. Tambaya guda ta: ina shanunai ka kwana?"

Ma'aunin mutanenmu ne wannan. In ɗan bindiga ya ce a yi sulhu, ba rantsuwarsa ake dubawa ba. In ya dawo da garkensa da iyalinsa kusa da gari, da gaske yake, don in wuta ta tashi har shi za ta ci. In ya bar su can cikin daji, baki ne kawai.

A kakar shekarar wani jagoran 'yan bindiga ya dafa Alƙur'ani cewa kowa ya je ya girbe dawarsa. Yaya ya bincika, aka ce garken bai motsa ba. Kafin ya hana, 'yan ƙodagon da ya ɗauka sun riga sun tafi gona da sassafe. Ya hau babur ya bi su. Ya samu ya kora su cikin karan dawa suka tsere, shi kuwa 'yan bindigar suka rutsa shi a fili bisa babura. Harsashi ya fasa masa ƙirji, suka bi shi da adda, suka cinna wa damman dawar wuta. Ni na wanke shi, hannun damansa sai a ƙyalle muka haɗa.

Yau basirar nan ta shigo wayar kowa, har 'yarsa Hafsatu da ita take aikin makaranta. Shugaban can yana nan kan kujerarsa, yana ta alkawarin alheri. Zuciyarsa Allah ne masani, ni ban ce mugu ne ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kwanan nan Hafsatu ta ce, "Baba, wai mai kamfanin nan mutumin kirki ne?" Na buɗe baki, sai na ji muryar ubanta ta riga ni. Na ce, "Ki fara gano min inda shanunsa suke kwana."

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa shahada ce.