Yatsa Biyu na Sabulu

A shekarar da aka cire jinkar ɗakin jinya na maza aka buga kwano, a shekarar Akawu ya fara ganinta. Fitowarsa ke nan daga makarantar mishan, riga a goge, rubutu kamar na ɗab'i, aka damƙa masa makullin siton asibiti. Ita kuwa tana can baya, gindin famfo, tsakanin baho uku da igiyar shanya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Ma'aikata suna ce mata Mai Wanki, majinyata kuma Uwar Guntu.

Sunan daga sabulu ya samo asali. Kowace Litinin Akawu yakan ba ta sanda shida. Abin da ya rage bayan wanki, ɗan guntun da hannu ba ya iya riƙewa, a da bola ake kai shi. Ita sai ta riƙa tarawa. Ran Asabar ta kankare su da wuƙa, ta yayyafa ruwa, ta ɗora a wuta, ta juye a gwangwanayen madara su daskare. Ran Lahadi bayan sujada ta nufi ɗakin ƙarshe, na masu tari, waɗanda dangi suka gaji da su. Ta wanke musu ƙafa, ta cuɗa musu riga, ta bar wa kowa ɗan curi ƙarƙashin matashi.

"Wannan ɗan abin wa zai isa?" Akawu ya taɓa tambayarta.

"Haba Malam Akawu, ku da kuka yi karatu? Wanda ya ciyar da dubbai da gurasa biyar, ai har ragowar sai da ya sa aka tattara. Nawa tarawa ne. Yawan kuma aikinsa."

"Ai can ba kayan asibiti ba ne."

"To ku rubuta masa wasiƙa mana, tun da hannunku na da kyau."

Masu shara suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Bayan mako biyu ya sauko gindin famfo da rula a aljihu. Ya zazzage gwangwaninta a kan dakali, ya auna guntayen ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu sun kai kaurin yatsa biyu, sabulun da zai iya ƙarin wanki. Ba ta yi musu ba. Ta ce da ƙarfin damtsenta take cike gurbin, tana buga zannuwan gado a kan dutse har kafaɗarta ta sage.

"Akwai zanin da bai fita ba, Malam?"

Babu. Ya duba da kansa, fari tas. Amma a makaranta an koya masa cewa mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci, kuma har yanzu dariyar nan tana masa ƙaiƙayi a kunne. Ya buɗe babban littafin ma'aikata, a gaban sunanta ya rubuta kalma ɗaya da kyakkyawan rubutunsa: sata. Kwamitin asibiti ya zauna minti goma. Ta ɗauki bokitinta da 'yarta ta fita ta ƙofar baya.

Kafin wata ya ƙare, sai da Akawu ya fara toshe hanci in zai wuce ɗakin ƙarshe.

Ta koma wankau gida-gida. Lahadi kuwa ba ta fasa ba, sai dai yanzu a bakin ƙofa take roƙon maigadi ya bar ta ta shiga kamar baƙuwa. Matan gidajen da take wa wanki suka fara ajiye mata guntayensu, sannan maƙwabtansu, sannan matan ikilisiya. Gwangwani ya zama tukunya, tukunya ta zama ganga. Sabulun ya kai gidan marayu, ya kai gidan yari. Da abin ya girma, aka gina masa ɗaki kusa da majami'a, aka sa masa sunan matar babban likita, wadda ta ba da gangar. Aka nemi mai hannu ya rubuta allon. Akawu ya rubuta. Akwai sauran fili a ƙasan allon da zai ɗauki suna ɗaya. Ya zana fure a wurin.

Ubangiji ya riɓanya, babu shakka. Mutane ne suka raba yabon yadda suka ga dama.

Shekaru suka ja. Matarsa ta rasu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa hannun dama da rabin harshe. Wata Lahadi sai ga Mai Wanki a ɗakinsa, ta ranƙwafa, yatsunta duk sun lanƙwashe. Ta yaye zanin gadonsa, ta wanke masa ƙafa kamar yadda take wa masu tari. Ya yi ta kokawa da bakinsa, yana so ya ce ta yafe masa.

"Ku daina wahalar da kanku, Malam Akawu. Ni ma na san abin da na yi."

Ya ɗauka tsokana ce irin tata. Ya ce a ransa, Lahadi mai zuwa harshen zai saki.

Ran Alhamis ta rasu. Masu jana'iza ba su cika benci uku ba.

Bayan kwana bakwai 'yarta ta zo da kwali a ka, ta sauke a gaban gadonsa. Sabulu ne sanda-sanda, sababbi, wasu takardarsu ta yi ja don daɗewa, wasu irin da aka daina yi tun tuni.

"Baba, shekara da shekaru take saye, ɗaya-ɗaya, in ta samu sarari. Ta ce na asibiti ne, yatsa biyun nan. Ta ce ku masu ilimi ne, ba za ku rubuta abin da ba shi ba ne. Roƙonta ɗaya, tun da ta mayar, a goge mata kalmar nan, kada ta je gaban Ubangiji da ita."

Littafin ma'aikatan kuwa, gara ta cinye shi tun shekara ashirin da suka wuce. Siton ma an rushe. Akawu ya kalli hannunsa na dama, yana kwance a kan zanin da ta wanke, fari tas.

"Baba, za a goge ɗin?"