Cocin kwali a falonmu na Pantai Dalam

Shekarun baya ne, kuma wasu abubuwan sun dusashe a kaina, mai yiwuwa ma na haɗa wata rana da wata. Lokacin ina digiri na biyu a fannin adana tsofaffin gine-gine a Kuala Lumpur, mu huɗu 'yan Arewa muna haya a wani bene a Pantai Dalam.

Malamata ta ba ni aiki a kan wani gari na bakin teku a Italiya. Romawa sun gina wa allolinsu ɗakin bauta a tsakiyar garin, da ginshiƙan farin dutse. Da Kiristanci ya zo ba a rushe shi ba, sai aka tayar da coci a kansa, har yau ana ganin tsofaffin ginshiƙan a jikin bango. Ni kuma zan yi samfurin ginin da kwali, yadda in an ɗaga cocin za a ga tsohon ɗakin a ƙarƙashi. Ban taɓa zuwa Italiya ba. Hotuna da zane kawai nake bi, ina auna komai ina sake aunawa don tsoron kuskure.

Haske ya fi shiga ta tagar falo, sai na ja teburina can. A falon nan muke jam'in magariba da isha'i, sannan a zauna a ci abinci tare. Da farko tsokana ce kawai. Abokina ɗan Zariya ya raɗa min suna Fafaroma.

"Fafaroma, taso mu makan lah, abinci na hucewa, mabiyanka ba za su gudu ba."

Bayan na ɗora rufi, sai na lura an daina jam'i a falo. Lokaci na yi zan ji suna sa takalma, wani ya ce, "Mun sauka surau," wato ɗan masallacin da ke ƙasan benen. Daga can su wuce mamak, gidan abincin unguwa. In sun dawo su ajiye min tapau, wato ƙunshin abinci, a gefen tebur, su ce sannu da aiki, kowa ya shige ɗaki. Ba wanda ya ɗaure min fuska. Na san zan iya bin su, amma ni irin mutanen nan ne da in ba a ce "taho" ba, sai su zauna neman laifinsu. Na koma yin salla ni kaɗai a ɗaki. Ranar Asabar in hau jirgin ƙasa zuwa titin Jalan Masjid India, in yi ta zagaya shagunan yadi ba sayen komai, don dai in ji hayaniyar mutane. Mahaifiyata ta tambaye ni a waya ko lafiya nake da abokan zamana. Na ce lafiya ƙalau.

Ruwan sama ne ya warware abin. Wata magariba aka tsuge da shi, ba halin fita. Suka tsaya cirko-cirko a falo, ba wanda ya shimfiɗa darduma. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, ya gyara murya.

"Malam, don Allah da za ka ɗan matsar mana da aikin nan."

Na ɗaga kai na dubi kibiyar alƙibla da ke manne a silin. Tana nuna taga, tana nuna teburina, da ɗan gicciyen da na haɗa da tsinken ashana.

"Me ya sa ba ku faɗa min ba tuntuni?"

Abokina ya yi dariya. "Kai da ko gam ya ƙare sai ka kasa cin abinci? Cewa muka yi a bar Fafaroma ya gama."

"Kara muka yi maka," in ji Yaya.

Ni da Yaya muka ɗauki teburin zuwa ɗakina. Aka tayar da salla, na tsaya a ƙarshen sahu.

Har yau ban ga laifinsu ba, kuma ina jin da ni ne, shirun zan yi. Amma makonnin nan sun yi min tsawo, kuma ba a jima ba biyu daga cikinsu suka gama suka koma gida, zaman bai koma yadda yake ba.

In waɗanda muka zauna tare sun ga wannan, don Allah su gyara min inda na yi kuskure. Musamman abu ɗaya: ni dai na ɗauka teburin ne kaɗai matsalar. In akwai wani abin, yanzu za ku iya faɗa min.