Ranar da Kwamfuta Ta Hana Goggo Gado

Na zauna a Sudan da Kamaru, na saurari rigimar gado da Larabci da Fulatanci, amma wadda aka yi a gidanmu na Gwaram ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Gonar kakanmu ce a Fagam. Ba a raba ta ba har magada suka yi ta rasuwa, wasu daga cikin nasu magadan ma suka bi su, kuma kowace mutuwa sai an sake ninka lissafin. 'Yar ƙanena tana koyar da kwamfuta a Birnin Kudu. Ta ƙirƙiro wa ɗalibanta wani ƙaramin harshe na ba kwamfuta umarni da Hausa, ta ce da shi za ta fitar da rabon kowa.

Muka taru a zaure. Rabon Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ya fito ƙasa da sifiri. Na ƙanena kuwa, uban mai lissafin, ya fi gonar kanta girma.

Goggo ta ce, "To, ni ce ma zan ciko muku ƙasa ke nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai na san inda hankalina ya tafi. A kasuwannin duniya na sha ganin mudun da aka bubbuga wa gindi.

Na ce wa 'yar ƙanena, "Ke kika gina abin nan, ko?"

Ta ce, "Ni ce, Baba. Gurbi ɗaya na yi wa kowace lamba. Wannan ta fi ƙarfin gurbin, shi ne ta juye."

"Ta juye wajen ubanki."

Ta koma Birnin Kudu, muka ji shiru. Da ta dawo, ta koya wa harshen jera lamba a gurabe da yawa, in wannan ya cika ya miƙa wa na gaba, kamar yadda muke riƙe ɗaya a lissafin hannu. Lambar ta fito doguwa, har ta karya layi.

Ban yarda ba tukuna. Na sa ta haɗa rabon kowa a gabana. Gona ɗaya cif ta fito. Liman ya bi nasa lissafin, bai sami saɓani ba. Goggo ta shuka gyaɗa a rabonta daminar nan.

Tun daga ranar, in lissafi ya karkace, nakan fara tambayar girman mudun kafin in dubi hannun mai awo.