Ba Littattafaina Ne Suka Toshe Min Numfashi Ba

Assalamu alaikum. Masu tambayar ko fushi na yi da gurup ɗinmu na karatu, a'a. Numfashi na tafi nema.

Da toshewar hanci ya fara. Wata rana ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida sai ƙirjina ya ɗaure, yana kuka kamar 'yar mage. Ya lafa. Wata na zagayowa ya dawo.

Inna, kakata, ta ce littattafan soyayya ne. "Yarinya ta zauna ita kaɗai tana murmushi, ina iska ba za ta shige ta ba?" Ta kulle su a adakarta, har da wayata. Aka hau yi min hayaƙi.

Hayaƙi fa! Ga wadda ba ta iya numfashi!

Karo na uku ko salati na kasa ƙarasawa. Na sadaƙar tafiya ce. Baba ya ɗora ni a mashin sai asibiti a Bici. Aka kifa min robar iska a fuska, allura, hoton ƙirji, ga busa cikin wani bututu. Tunkiyar Baba ta tafi a kuɗin asibitin nan.

Likitar ta ce asma ce, amma me ke tayar da ita duk wata? Ta tambaye ni ko ina shan wani magani. A gaban Baba? Na sunkuyar da kai.

Sai ta ce, "Malam, a samo mana ruwa." Yana fita na faɗa mata: haɗin kemis nake sha saboda ciwon mara, ƙwayoyi a ƙulle a leda, babu suna. Ragowar na bakin mayafina.

Ta duba, ta ce, "Kin san ban-ruwa a noman rani? Akwai wani kitse a jiki da sinadarai biyu ke sarrafawa. Ɗaya yana fitar da abin da ke kawo zogi, ɗayan abin da ke kumbura hanyar iska. Wannan ƙwayar ta toshe kwalbatin farko, sai ruwan ya malale ta na biyun. Ba kowa take yi wa haka ba, ke dai tana yi miki."

Wato duk hayaƙin nan da na shaƙa, ƙwaya ce!

Yanzu Alhamdu lillahi. Ciwon mara sai farasitamol da ruwan ɗumi, inhela ta shaƙa kuma a jakata. Allah Ya saka wa likitar nan, Ya mayar wa Baba da alheri.

'Yan uwa mata, kar ku sha ƙwayar da ba ku san sunanta ba, musamman masu asma. In kunya ta hana ku magana, ku ce a fitar da maza. Ni ta kusa kashe ni.

Inna ta buɗe adakar jiya. Ta miƙo min littattafan tana cewa, "Ni dai murmushin nan har yanzu bai kwanta min ba."

Duk warin hayaƙi suke. A tsakar gida na shanya su, ina karantawa daga nesa.